“Ana ci?”: Tambayar da ta hana mu shuka fure, daga Bande har Hambug

A watan Afrilun da ya wuce, ƙanena da ke zaune a birnin Hambug na ƙasar Jamus ya turo hoto a zauren WhatsApp na danginmu. Tukwane shida ne jere a barandar ɗakinsa da ke hawa na huɗu, kowace ta fitar da fure, wannan ja, wancan ruwan ɗorawa. A ƙasan hoton ya rubuta: “Noman bana ya yi kyau, alhamdu lillahi.” Ba a yi minti biyar ba sai ga saƙon murya daga kawunmu na Bande, mutumin da ya ƙarar da ƙuruciyarsa a garkar rake da albasa: “To madalla, ɗana. Amma fa ana ci?” Nan take zaure ya kaure da dariya. Ni ma na dara, ba zan ɓoye ba.

Da dare ya kira ni. Ya ce, “Yaya, kun yi mini dariya, amma tun watan Oktoba na binne waɗannan a ƙasa. Wata uku ina fita aiki cikin duhu, ina dawowa cikin duhu. Ranar da na ga tsiron farko ya tsago ƙasa, wallahi ji na yi kamar an yi mini sallama daga gida.” Na rasa abin da zan ce masa, sai haƙuri na ba shi.

Tun daga ranar nake juya tambayar Kawu a raina. Tambaya ce ta mutumin da ya ga fari ya ga yunwa, kuma ba na raina ta. Sai dai na yi imani ta yi mana illa. Ita ce ta sa muke ɗaukar shuka fure aikin wanda ya rasa abin yi, ko kwaikwayon Turawa. Ita ce kuma ta sa ɗan Bande zai yi shekara goma yana tara kuɗi a ƙasar sanyi, ya gina gida a Damagaram ko Magariya, sannan ya sa a daɓe tsakar gidan da siminti daga bango zuwa bango, bai bar ko tafin hannu na ƙasa ba. Ra'ayina shi ne, shuka fure noma ne, kuma wanda ya fito daga ƙasar korama bai kamata ya ji kunyarsa ba, ko a cikin dusar ƙanƙara yake ko a cikin ƙurar hunturu.

Sanyinmu daban, nasu daban

A Bande sanyi abokin mai garka ne. Garin yana kan hanyar Damagaram zuwa Magariya, a yankin koramu inda ruwa ba shi da nisa a ƙasa. Da an gama girbin gero, hunturu ya fara busawa a watan Nuwamba, sai fadamu su cika da jama'a: ana gyaran fangali, ana dashen albasa da tumatir da salati da kabeji, ga rake yana jiran sara. Waɗannan kayan lambu sanyin dare suke so, shi ya sa suke cika kasuwa a tsakiyar rani, da zafin Afrilu ya haura digiri 40 kuma sai su fara ƙaranci. Noman rani ya daɗe a yankinmu, amma bayan farin 1984 ne gwamnatin Janar Seyni Kountché ta mayar da shi babban shiri na ƙasa baki ɗaya.

A Hambug abin a juye yake. A ƙarshen Disamba hasken yini bai kai awa takwas ba, a ƙarshen Yuni kuma yakan kai kusan awa 17. Mu a nan tsawon yini ba ya nisa da awa 12 duk shekara. Sanyin da ke sa mu kwana da wuta a ɗaki yakan tsaya a wajen digiri 10 zuwa 15 da asuba. Nasu kuwa sauka yake ƙasa da sifili, ruwan da ke cikin ganye ya daskare, da safe ka tarar da shuka ta yi baƙi ta kwanta. Don haka masu lambu a Jamus ba sa fitar da shuka mai tsoron sanyi waje sai tsakiyar Mayu ta wuce. Tun watan Maris suke rainon iri a cikin ɗaki kusa da taga, kamar yadda mai garka ke rainon albasa kafin dashe.

Ƙanena bai san wannan ba a shekararsa ta farko. Ya tsinci gurguzu a cikin busasshen zoɓon da ya saya a wani shagon kayan Afirka, ya shuka a tukunya. Yakuwa ta tsiro, ta yi ganye har ya yi miya sau biyu, ta kai masa ƙugu, amma fure ko ɗaya babu. Yana nan yana jira har sanyin kaka ya kashe ta. Ya ɗauka takin ne bai yi ba. Ashe yakuwa ba ta fure sai yini ya gajarta ya sauko wajen awa 12 zuwa 13, shi ya sa a gonakinmu take fure a ƙarshen damina. A arewacin Jamus yini ba ya saukowa haka sai cikin Satumba, lokacin da sanyi ya riga ya kawo kai. Gajeren yinin da take jira tare yake zuwa da ajalinta.

Furen da ya turo mana hotonsa, wanda ake kira tulif, halinsa akasin na yakuwa ne. Tushensa kamar albasa yake. Ana binne shi a watan Oktoba ko Nuwamba, kuma sai ya sha sanyi na kimanin mako 12 zuwa 16 kafin ya yarda ya yi fure. Ka kai shi Bande ka binne, duk takin da za ka zuba masa ba zai yi maka komai ba. Shi kansa baƙo ne a Turai: asalinsa duwatsun tsakiyar Asiya, ya bi ta hannun Turkawan daular Usmaniyya ya isa Holan a ƙarni na 16. Yau a lambun Keukenhof kaɗai ana binne irin waɗannan albasoshin fure kimanin miliyan 7 kowace shekara, kuma daga ƙasashen duniya ake zuwa a biya kuɗi don kallon da bai wuce na mako takwas ba.

Abin da ƙanena ya koya a baranda shi ne abin da Kawu ya sani a garka: ba a jayayya da lokaci, kowace shuka da watanta. Wanda ya iya lura da hunturu zai iya lura da dusar ƙanƙara, in dai ya kwantar da hankali. To a kan me za a kira ɗaya manomi, ɗaya kuma a yi masa dariya?

Kariyar da muka raina

Wata rana a shagon sayar da furanni ya ga wata shuka mai kumburarren gindi da fure ja-ja, an sa ta a tukunya mai kyau an liƙa mata farashi. Ya matsa ya duba da kyau, sai ya ga kariya ce. Kariyar nan da muke wucewa a bakin shinge ba mu ko ɗaga kai. Turawa na kiranta wardin hamada, suna ajiye ta cikin ɗaki kusa da taga, domin da sanyi ya sauka ƙasa da digiri 10 take fara wahala. Ya zaro kuɗi ya saya. Mu kuwa Allah Ya ba mu ita kyauta: tana ajiye ruwa a gindinta, tana fure a tsakiyar rani lokacin da ko ganyen kirki babu a jikinta, kuma reshe kawai za ka yanka, ka bar shi ya sha iska kwana biyu ko uku, ka dasa.

Kuma ba ita kaɗai muke da ita ba. Duk wanda ya taɓa zama kusa da lalle da yamma lokacin da yake fure ya san ƙamshin da babu turaren da ya kama ƙafarsa. Ga zogale da fararen furanninsa, ga bagaruwa da nata ƙananan ƙwallaye ruwan ɗorawa, ga bado da ke buɗewa a kan tabki bayan damina. Kakata tana da lalle a bayan ɗakinta, ɗoɗɗoya kusa da randa, kabewa a kan danga. Ba ta taɓa kiran wannan lambun fure ba, amma shi ne. Saboda haka duk mai cewa fure a gida baƙuwar al'ada ce, ya manta gidan kakarsa ne. Baƙuwar al'ada ita ce tsakar gidan da ba ta da ko ganye ɗaya.

Eh, Kawu, ana ci

Bari in amsa tambayar a kan ma'auninta. Kabewa da kankana da guna suna fitar da fure iri biyu, namiji daban, mace daban. Ƙudan zuma da sauran ƙwari ne ke ɗauko garin wannan su kai wa wancan, idan babu su kuwa sai ɗan ya yi yaushi ya faɗi tun yana ƙarami. Su kuma ƙudan zuma abinci suke nema har da rani, lokacin da gonaki suka zama fili. Kowane gida mai zogale ko lalle ko ɗoɗɗoya yana ciyar da ma'aikatan da mai garka ba ya biya.

Zoɓon da muke sha kuwa, menene shi in ba ƙoƙon furen yakuwa ba? Jihar Jigawa, wadda iyaka ce kawai ta raba ta da Magariya da Dungas, tana cikin manyan masu noma shi a Najeriya, kuma har ƙasar Meziko ake kai shi. A Kenya, gonakin wardi da ke gefen tabkin Naivasha suna ciyar da dubban iyalai, jirage na kwasar furen zuwa kasuwannin Holan. Waɗannan duk daga fure suke ci.

Amma ba na son in tsaya a nan, domin ko da ba a ci, hujjata tana nan. Mu ne masu sayen atamfa mai zanen fure. Mu ne masu jera wa amarya kwanuka masu zanen fure har rufin ɗaki. Direbobinmu fure suke zanawa a jikin manyan motoci, magina kuma sun ƙawata fuskar gidajen Birni a Damagaram da zane tun kaka da kakanni. Shiga falon ɗan birni yau, za ka ga furen roba ya sha ƙura a kan tebur. Ban taɓa jin an tambayi mai furen roba ko ana ci ba. Sai mai rai, wanda ke buƙatar a tashi da safe a ba shi ruwa, shi ne abin dariya. Kenan kyau muna sonsa, wahalarsa ce ba ma so.

Ga ɗan ci-rani kuwa, maganar ta wuce ado. Wanda bai taɓa yin sanyin Turai ko na Kanada shi kaɗai a ɗaki ba, ba zai gane yadda duhu da kaɗaici ke cin mutum ba. Yawancin 'yan uwanmu ba sa faɗa, domin a gida ana ganin sun tsallake, sai dai su turo kuɗi su yi shiru. Abu mai rai da ke jiranka ka dawo ka duba shi ba ƙaramin abokin zama ba ne. Ƙanena ya ce wata dattijuwar maƙwabciyarsa ta yi shekara biyu ba ta wuce ɗaga masa kai ba, amma da ta ga tukwanensa sai ta tsaya ta yi masa bayanin lokacin da ake shigar da shuka ɗaki, yanzu har iri suke musaya. A Jamus akwai ƙananan lambuna na haya kusan miliyan ɗaya a gefen birane, ƙarƙashin ƙungiyoyin masu lambu. Ɗan manomi da ke neman hanyar shiga cikin mutanen gari, ga wadda ya riga ya san kanta.

Hujjojin da ba zan tsallake ba

Na san abin da mai karatu a Damagaram zai ce: “Mu da muke sayen ruwa a wajen 'yan garuwa, kai kana maganar fure?” Gaskiyarsa. Ƙishin Damagaram tsohon labari ne. Yana cikin dalilan da ake bayarwa na mayar da babban birni Yamai a 1926, kuma har yau daga nesa ake jawo wa garin ruwa, daga wurare irin su Gogo da Arunguza da Ganaram. Duk wanda ya shimfiɗa ciyawar ado irin ta Turai a wannan gari yana shayar da ita da ruwan famfo, ya shiga haƙƙin maƙwabtansa. Wannan shi ne kuskuren yakuwar Hambug a juye: shuka abin da ƙasa ba ta yarda da shi ba.

Amma mu yi lissafi. Gida mai mutum biyar masu salla, alwala 25 ke nan a yini. Ko da rabin lita kowace ta ci, an haura lita 12, kuma duk a rariya suke ƙarewa. Ka mayar da wurin alwala gindin lalle ko zogale, ka shayar da su ba tare da ka ƙara sayen ko jarka ɗaya ba. Haka ruwan wanke shinkafa da na ganye. Akwai kuma tsohuwar dabarar binne tulu kusa da shuka: ka cika shi, ka rufe bakinsa, ruwa ya riƙa tsatsowa a hankali zuwa saiwa. Ruwan da ya sha sabulu da yawa ne kawai za a kiyaye.

Hujja ta biyu sauro ne, kuma ita ma ba ta wasa ba ce. Duk wanda ya san Magariya ya san yadda zazzaɓin cizon sauro ke cika ɗakunan kwantar da yara kowace damina. Sai dai sauro a ruwan da ya kwanta yake haihuwa: gwangwani, tsohuwar taya, kwatami, kaskon da aka sa a ƙarƙashin tukunyar fure aka manta. Ƙasar da ke shanye ruwanta ba ta haifar da shi. A rage rassa kada su yi duhu a jikin bango, kada a bar ruwa ya kwana a fili. Ita kuma kariya, ƙaronta guba ne, don haka a dasa ta inda yara da awaki ba sa kaiwa.

Gidan da kake turo kuɗin gininsa

Yanzu gare ku, 'yan uwana da ke Jamus, Faransa, Beljiyam, Amurka da Kanada, har da na Aljeriya da Libiya, masu turo kuɗi wata-wata ana ɗora bulo. Lokacin da magini ya kira ya ce saura daɓen tsakar gida, ku dakata ku yi tunani. Siminti zafin rana yake sha yini guda, ya yi ta amayar da shi cikin dare. Mahaifiyarka da ka gina wa gidan ita ce za ta shimfiɗa tabarma a kansa a watan Mayu, lokacin da babu wutar lantarki. Kuma ruwan saman da ya sauka a kan daɓe ba shi da wurin zuwa sai titi. Ba mu manta da daminar 2024 ba, wadda ta rusa dubban gidaje a Nijar, har tsohon masallacin Birni na Damagaram ya faɗi. Ba na cewa daɓen tsakar gida ne ya jawo wannan. Abin da nake cewa shi ne, kowane gidan da aka rufe ƙasarsa, ruwansa maƙwabcin da ke gangare yake tura wa.

Abin mamakin shi ne, iyayenmu na karkara sun riga mu gane wannan. Tun daga shekarun 1980 manoman Magariya da Matamaye da Mirya suka riƙa barin gawo ya tsiro a gonakinsu suna yi masa sassabe mai kyau, har masana daga ƙasashen waje suka zo ganin abin da idonsu. An ƙiyasta cewa ta wannan hanya manoman kudancin Nijar sun raya itatuwa kimanin miliyan 200 a kan hekta miliyan 5. Manomin da bai shiga lakwal ba ya bar wa gawo wuri a gonar da yake ci daga gare ta, mu da muka ga duniya mun kasa bar wa lalle wuri a gidan da muke kwana. Ƙasar da ke dasa itatuwa kowace ranar 3 ga Agusta tun 1975 ba ta cancanci unguwannin da babu inuwa ba.

Roƙona bai da yawa. Ka bar taku huɗu a tsaye, huɗu a kwance, ba a daɓe ba. A sa zogale ɗaya, lalle ɗaya, ɗoɗɗoya da na'ana'a don shayi, kariya a lungun da yara ba sa zuwa. Ka ɗora wa ƙannenka alhakin ban ruwa, domin yaron birni da ya raini shuka ɗaya daga iri har fure ya koyi abin da allon waya ba zai koya masa ba.

Kai kuma da ke ƙasar sanyi, fara da tukunya biyu. Tambayi maƙwabta ranar da sanyi mai daskarewa ke ƙarewa a garinku, kada ka fitar da komai kafin nan. Binne tulif da kaka, ka shuka yakuwa don ganyenta kawai, ka ajiye kariya a ɗaki ka rage mata ruwa idan sanyi ya shigo. Kada ka cusa iri ko reshe a jaka daga gida: tun Disamban 2019 dokar Tarayyar Turai ta tsananta, shigar da tsiro ko irin shuka sai da takardar shaidar lafiyarsa. Nemi naka a can.

Da na je Bande sallar layya, na tarar da Kawu a garka, na nuna masa hoton kariyar ƙanena a tukunyarta, na faɗa masa abin da aka saye ta idan an mayar da shi sefa. Ya karɓi wayar ya daɗe yana kallo, ya girgiza kai. Na zaci wata dariyar ce za ta biyo baya. Sai ya miƙo mini wayar ya ce, “Ka faɗa wa ƙanenka ruwan ya yi mata yawa, ga ganyen nan ya fara ɗorawa. Kariya ba ta son jiƙa. Ya haɗa mata ƙasar da yashi, kuma ya bari ta bushe kafin ya sake ba ta.” Na tura saƙon a daren, kamar yadda ya faɗe shi.